Rabon Maraƙa

Mijina mutumin kirki ne, kuma a duk zamanmu ba abin da ya kai wannan kirkin nasa ba ni haushi. Tun da aka kawo ni gidansa a Ƙofar Marusa na yi shekaru ban taɓa jin kalmar "babu" ta fito daga bakinsa ba. Ko me aka zo nema, amsarsa ɗaya ce: "Akwai." Tsani, akwai. Tabarmin zaman makoki, akwai. Baro, akwai, ko da kuwa baron yana gidan wanda ya are shi tun bara bai dawo da shi ba. Idan ya gama cewa akwai a ƙofar gida, sai ya shigo ya tsaya a kaina yana murmushi, ni ce zan nemo inda akwai ɗin take. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, na iya da aji cike da yara masu ƙiriniya, amma wannan dattijo guda ɗaya ya gagare ni.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, a ƙauye ta tashi, cikin shanu. Ranar sunanta mahaifinta ya ba ta karsana, aka yi wa karsanar tsaga a kunnen hagu, kuma daga ita duk shanun Inna suka fito. Kowace aka haifa sai an yi mata irin wannan tsagar. Da Inna ta rasu, rabona na gado ya ci gaba da zama a garken kawuna, ƙaninta, can ƙauye. Ba na zuwa sosai, amma sanin cewa suna can yana kwantar mini da hankali.

Akwai wata shekara da shanuna suka haihu da farkon damina. Na je na gan su da idona. Ciyawa ta kai gwiwa, saniya kan ci ta ƙoshi tun kafin rana ta take, ta kwanta tana tuƙa, hantsarta cike har nono yana ɗiga da kansa. Maruƙan kuwa sun yi ɓul-ɓul, gashinsu yana sheƙi, suna tsalle-tsalle ba dalili. A tatsa a cika ƙwarya, maraƙi ya sha har ya gaji ya saki, da yamma kuma a sake cika wata. Kawu ya rasa yadda zai yi da nono, sai ya riƙa aiko mini da jarka a motar kasuwa. Ni kuma ina karɓa, Malam mijina yana rabarwa. Kafin damina ta fita, sunan gidanmu a unguwa ya koma gidan nono. Har direban Keke Napep idan ka ce masa gidan nono ya san lungun.

Daga nan ne mutanen unguwarmu suka ɗauki karatunsu game da saniya, kuma karatun bai wuce layi ɗaya ba: ta haihu, nono ya zo. Ba wanda ya tambayi wane wata ne, ko me ta ci.

Sai ɓarayin shanu suka shiga ƙauyen, kamar yadda suka shiga ƙauyuka da yawa a wannan ƙasa tamu. Suka kore garken gaba ɗaya. Saniya ɗaya ce ta tsira, wata fara tsohuwa, saboda tana ciwon kofato an ɗaure ta a bayan gida. Kawu ya ɗoro ta a bayan a-kori-kura ya kawo mini har ƙofar gida. Da aka sauke ta na ga tsagar kunnenta, sai da na koma ɗaki na ɗan zauna kafin in iya fitowa in gaishe shi yadda ya kamata.

Bayan an gama gaisuwa da jaje, kawu ya shafa cikinta ya ce, "Ki riƙe ta nan, ɗiyata, can ba wurin aje dabba ba ne yanzu. Tana da ciki. Ta tsuhwa, haƙoranta sun cinye, ina jin wanga shi ne na ƙarshe. In Allah ya sa mace ce, to, shanun uwarki ba su ƙare ba." Ya ƙara da cewa, "Abin da ban so ba, da bazara za ta haihu."

Malam yana tsaye a gefe, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Dab da azumi ke nan."

Kawu ya dube shi, ya dube ni, ya ce zai kama hanya kada yamma ta yi masa.

Kiwon saniya a cikin birni wani aiki ne daban. Akwai wani dattijo makiyayi da ke bin unguwa da safe yana tattara shanun mutane, ya kai su bayan gari, inda gidaje ba su gama cinye gonaki ba, ya dawo da su kafin magariba. Da kaka abin ba laifi. Amma da rani ya yi nisa, ba abin da ke can sai guntayen kara da ledoji, sai 'ya'yan gawo in an yi sa'a awaki ba su riga su ba. Saniyar kan yi tafiyar nan mai nisa cikin rana ta dawo kwiɓinta a lotse, ta fi yadda ta fita yunwa. Ina saya mata harawa da dusa da angurya, ina jiƙa mata kanwa, amma tsohuwa ce mai ciki, abin da ta ci ɗan cikin yake tafiya. Tozonta da ke tsaye ya fara kwantawa gefe.

Ta haihu wata safiya da zafi ya riga ya sauka tun kafin hantsi. Mace ce. 'Yar ƙarama, fara kamar uwarta, ƙafafu dogaye sirara. Na tsuguna ina kallon uwar tana lashe ta, na yi kuka sosai, don Inna na tuna ba wani abu ba. Na bar mata dakashin gaba ɗaya, wato nonon farko mai kauri, ban taɓa ko ɗigo ba.

Ya kamata in faɗi yadda ake tatsar irin shanunmu, don a nan rigimar take. Saniyarmu ba ta ba mutum nono haka kawai. Sai an saki ɗanta ya kama, ya tunkuri hantsar, ta ji bakinsa, sannan nono ya sauko. Daga nan sai a janye shi a ɗaure kusa da ita inda za ta riƙa lasarsa, a tatsa, a sake shi ya sha sauran. Wannan sauran shi ne rabon maraƙi, kuma mai tatsa ne kaɗai ya san ko ya bar shi da gaskiya ko ya yi zalunci. Inna ta koya mini tun ina yarinya. Kan nono huɗu ne. Da damina kina iya tatse uku ki bar ɗaya, maraƙin ba zai ma san an taɓa ba. Da bazara kuwa ɗaya za ki taɓa, shi ma sai kin dubi cikin ɗan tukuna. Abin da nake samu daga saniyar nan a lokacin bai cika kwanon sha ba.

Malam kuwa tun ranar da ta haihu ya kai labari masallaci. Ban ji da kunnena ba, amma na ga sakamakon. Ranar da aka ɗauki azumin farko, tun kafin la'asar kwanuka suka fara shigowa. Kofin silba, jug, langa mai murfi, har da wata robar fenti da aka wanke. Kowanne da saƙonsa: ana gaida Malama, an ji abin arziki, a ɗan sam mana na fura. Na jera su a bakin rijiya na tsaya ina kallonsu, ga kuma ɗan abin da na tatsa a gindin ƙwarya.

Da ya shigo na ce, "Malam, zo ka gani."

Ya leƙa ƙwaryar ya ce, "Wanga na sahe ne ko? Na marece shina nan tahe."

"Wanga shi ne na yau duka."

"Haba Malama. Waccan shekarar da jarka aka riƙa kawo mamu."

"Waccan shekarar damina ce, kuma shanu ne ba saniya ba. Wagga tsohuwa ce, ta haihu cikin rani, leda take ci a bayan gari. In na tatse ta, mi ɗiyar za ta sha?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "To ai na riga na ce masu akwai."

Na ce to ya fita ya ce masu ya yi kuskure. Ya dube ni kamar na ce ya fita ba riga. A ƙarshe ni na mayar da kwanukan, kowanne da ɗan abin da bai rufe gindinsa ba, wasu kuma wayam, da haƙuri. Kafin a sha ruwa labari ya zaga cewa matar Malam ta fara rowa tun da ta ga saniya a turkenta. Wata ma cewa ta yi wai ɓoye nonon nake ina kai wa masu shagon yogot. Ina azumi, ga zafi, ga wannan magana, har kaina sai da ya yi ciwo.

Wadda ta fi kowa matsa lamba ita ce yayar Malam, da ke zaune a Ƙofar Durɓi. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, saboda haka maganarta a wurinsa ba ta faɗuwa ƙasa. Ni ma Yaya nake ce mata. Ta zo da kanta wata ranar Juma'a, ta zauna a kan kujera a tsakar gida tana fifita, ta ƙare wa maraƙar kallo tana tsotson uwarta.

"Yo ga inda nonon ke tahiya," in ji ta. "Dabba na sha, mutane masu azumi na kallo. Ku ɗaure ta mana ku ba ta dusa."

Na ce, "Yaya, cikinta bai isa dusa ba. Jinjira ce."

"Jinjira," ta maimaita, tana dariya. "Ke dai da kin yi boko komi sai kin sa mashi suna."

Na haɗiye abin da ya zo bakina, saboda azumi da kuma girmanta. Ba a makaranta na koyi wannan ba, a gindin saniya na koya, ita kuwa Yaya iyakar saninta da nono shi ne a cikin fura.

Mutum ɗaya ce ta daina aikowa ba tare da an ce mata komai ba. Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, Kirista daga kudancin Kaduna, ma'aikaciyar jinya. Maman 'yan biyu muke ce mata. A shekarar jarka ita ma tana karɓa, kuma da farkon wannan ta aiko sau ɗaya. Da ta shigo ta ga maraƙar, sai ta ce, "Malama, wannan nonon bai ishi mai shi ba ma." Daga ranar, duk ɓawon wake da dusar masarar da ta samu sai ta miƙo mini ta kan katanga.

Haka muka yi ta fama, ina tsare rabon maraƙa kamar mai gadin ƙofa, ana ce mini marowaciya, har azumi ya kusa rabi. Maraƙar ba ta yi ƙiba irin ta maruƙan damina ba, amma tana tsaye da ƙafafunta, tana ɗan zagaya turke da gudu idan gari ya yi sanyi. Na yi mata tsagar kunnen hagu da hannuna.

Sai autata, da ke aure a Ƙofar Ƙaura, naƙuda ta kama ta, abin ya zo da gardama har aka yi mata aiki. Dole na tattara na koma wurinta, daga asibiti zuwa gidanta. Kafin in fita na tsayar da Malam a gaban turke, na kira makiyayin ma ya ji. Na ce kada a tatsi saniyar nan ko kaɗan har in dawo, a bar wa maraƙar duka. Makiyayin ya ce to. Malam ya ce, "Ki tahi hankali kwance, Malama. Allah dai shi ba ta lahiya."

Abin da ke ƙara ba ni haushi idan na tuna, shi ne irin hidimar da mutumin nan ya yi wa 'yarsa a kwanakin. Kullum sai ya zo da ƙauri da kayan yaji da gero na kunun kanwa. Ya tsaya daga bakin ƙofa yana tambaya, "Tana ci kau? A matsa mata ta ci, in ba ta ci ba ina jinjirin za ya samu nono?" Ashe ya sani. Ya san mai shayarwa sai ta ci, ya san jariri ba ya rayuwa sai da nonon uwarsa. Ilimin yana nan a kansa, bai dai taɓa ɗaukarsa ya kai bakin turke ba. Ina tambayarsa labarin maraƙa yana cewa lafiya lau, har ta fara cin abinci. Hankalina yana kan 'yata, ban tsaya bin maganar ba.

Maman 'yan biyu ce ta kira ni a waya wata rana da hantsi. Bayan ta tambayi mai jego da jariri, ta ce, "Malama, ba na son shiga maganar gidanku. Amma kwana biyu ina jin saniyarki tana kuka, yau na leƙa ta katanga. Gara ki zo ki ga 'yar."

Na bar mai jego da ƙanwar mijinta na hau Keke Napep. Da na shiga gida saniyar tana wurin kiwo, turken maraƙa kuwa ba kowa. A ɗakin ajiya na same ta, inda Malam yake ɗaure ragon layya. Tana kwance a kan siminti, wuyanta a miƙe, idanunta sun faɗa, bayanta duk zawo ya bushe. Ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga bakin ƙofa. A gabanta ga kwano cike da dusa da aka dama da gishiri da kanwa, ƙudaje sun rufe shi. Na ɗaga ta ta tsaya, ƙafafun suka lanƙwashe ta koma.

Ba sai an ba ni labari ba, amma na sa an ba ni. Ina fita kwanuka suka dawo, Malam ya ce akwai. Yaya ta sake kawo shawararta, shi kuma ya ga ai ya san kan wannan aikin. Duk unguwa an san shi da iya kiwon ragon layya, duk shekara nasa ne ake zuwa kallo. To abin da yake yi wa rago shi ya yi wa maraƙar da ba ta san komai ba sai nono: ya kulle ta a ɗaki kada ta yi yawo ta rame, ya cika mata kwano da dusa. Safe da yamma a fito da ita ta kama hantsa, nono yana saukowa a fizge ta a mayar, a tatse huɗun tas.

Makiyayin na fara tarewa da ya dawo da shanu. Na ce, "Kai da ka san abin nan, da hannunka ka tatse ta?"

Ya ce, "Hajiya, maigida ya ce in tatsa. Na ce mashi 'yar za ta wahala, ya ce ya ba ta abinci. Ni mi zan ce?"

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ranar ban tsaya gyara masa ba. Malam ya shigo da ledar ƙanƙara a hannu, ya gan ni zaune a ƙasa da kan maraƙar a cinyata, ya yi tsuru-tsuru. Na yi niyyar in yi magana a hankali saboda azumi. Ban iya ba. Na ce masa shanun uwata ɓarayi sun kwashe da bindiga, guda ɗaya da Allah ya bar mini kuma shi zai ƙarasa ta da murmushi. Na ce ya kai wa 'yarsa ƙauri don jikansa ya samu nono, ya dawo gida ya ƙwace na 'yar wata ya raba wa masu fura. Na ce duk unguwar nan ba wanda zai mutu don bai sha fura da nono ba, amma wannan za ta mutu. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta ba. Yana tsaye da ledar a hannu. Ƙanƙarar tana narkewa tana ɗiga a kan takalminsa.

Da ya buɗe baki, abin da ya ce shi ne, "Wallahi na ɗauka tana ci."

Aka saki uwar ta zo ta tsaya a kanta tana lasa tana wani irin gurnani. Maraƙar ba ta iya tsayuwa ta kama, sai da na tallabe ta, Maman 'yan biyu ta shigo ta riƙe mini bayanta. Ta tsotsa kaɗan ta saki. Nonon ma ya ja baya, don saniyar da aka raba da ɗanta ba ta sakin jiki. Na riƙa tatsar ɗan abin da ya samu ina ɗura mata da kwalba kaɗan-kaɗan, likitan dabbobi ya zo ya yi mata allura ya ba da maganin zawo. Ya ce tana iya tashi, amma girman da ta rasa a wannan lokacin ba lalle ya dawo ba. Sauran azumin nan a tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa na yi shi, mai jego a can, maraƙa a nan.

Mutum zai ɗauka daga nan Malam ya fita ya gaya wa jama'a gaskiya. Ina. Kwanuka ba su daina zuwa ba, shi kuma bai daina cewa akwai ba. Abin da ya canza kawai, bai ƙara kallon wajen turke da ƙwarya ba. Sai ya riƙa saɓa babbar riga bayan azahar, ya tafi kasuwa cikin ranar nan wurin matan da ke sayar da nono, ya sayo, ya shigo da shi ta ƙofar baya a ɓoye cikin buhu, ya zauna a zaure yana cika kwanukan mutane da kansa. Har aikowa aka riƙa yi ana godiya, wai nonon saniyar gida daban yake, ana jin ɗanɗanonsa. Yaya ta ce ai ga shi nan, da ma ta faɗa, tun da aka bi shawararta nono ya wadata. Na ji wannan da kunnena, kuma ban fasa kwanon da ke hannuna ba, abin da har yau nake yaba wa kaina.

Maraƙar ta tashi. Ranar da ta miƙe da kanta ta taka zuwa wurin uwarta, Malam yana tsaye a bakin rijiya da buta, na ga ya juya fuska. Ruwan farko ya sauka bayan salla da 'yan makonni, bayan gari ya yi kore, saniyar ta fara dawowa da ciki a cike, hantsarta ta ɗan sauko. Na bar wa 'yar duka, har lokacin da uwar ta yaye ta da kanta. Ta sha, ta yi gashi mai kyau, ta koyi cin ciyawa. Amma ƙashinta ya riga ya tsaya inda ya tsaya. Maruƙan maƙwabta da aka haifa cikin daminar nan, waɗanda ta girme su da watanni, kafin kaka sun kamo ta, kafin wani ranin sun wuce ta.

Tsohuwar ba ta sake ɗaukar ciki ba, kamar yadda kawu ya faɗa. Rani na biyu ta kwanta ta kasa tashi, aka yanka ta. Da kawu ya zo ganin karsanar, ya daɗe yana zagaya ta, ya kama kunnen hagu ya duba tsagar, kamar yana son ya tabbatar. Ya ce jinin ne, sai dai jikin bai kai ba. Ya ce in ƙara mata shekara kafin a bari a yi mata barbara, kada haihuwa ta gagare ta. Na ƙara mata. Kuma da lokacin ya yi ban bar abin ga sa'a ba: na tsare ta a gida duk farkon damina ina yanko mata ciyawa, ban bari ta bi garke ba sai da aka fara yankan gero, don haihuwarta ta faɗo a kan sabuwar ciyawa. Makiyayin ya ce bai taɓa ganin mai yi wa saniya lissafin wata kamar amarya ba. Na ce yanzu ya gani.

Yanzu haka tana da ciki. Malam ne ke dama mata dusa, shi ke share turke, ba wanda ya sa shi.

Kwanan baya Yaya ta zo. Ta tsufa sosai, sai da sanda, amma bakin yana nan. Aka sa mata kujera a inuwa, Malam yana tsugune yana dama dusa a bokiti. Ta ƙura wa karsanar ido ta ce, "Wai ni kau wagga saniya taku ba ta girma ne? Kullum na zo tana nan kamar jaki. Uwarta ba haka take ba."

Na buɗe baki, don amsar nan na daɗe da tanadinta. Malam ya riga ni. Bai ɗago kai daga bokitin ba ya ce, "Sauran girman nata mu muka shanye shi, Yaya. Cikin hura, wancan azumin."

Yaya ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Ta ce, "To Allah shi sauke ta lahiya. In ta haihu dai a tuna da ni, ka san hurata ba ta shiga sai da nonon gida."

Na tsaya ina jiran akwai. Ya ci gaba da juya dusar har na ɗauka bai ji ba.

"Babu, Yaya," in ji shi.

Ya faɗe ta ƙasa-ƙasa, har sai da ta ce, "Mi ka ce?" Ya sake faɗa. Ta juyo ta dube ni kamar ni na sa masa ita a baki.

Shekarun da na yi ina jiran kalmar nan, na ɗauka ranar da ta fito zan yi guɗa. Ban ji daɗin komai ba. Karsanar ta matso tana shinshinar bokitin, na ɗora hannu a kan tozonta, wanda bai wuce ƙirjina ba. Uwarta sai na ɗaga hannu nake taɓa nata. Da a wancan azumin ya faɗi kalmar nan, da ita ma sai na ɗaga hannu.